ABIN DA YA KAMATA KA SANI IN BUTUTUN ISKAR GAS ZAI RATSA ƘASARKU

Ran 30 ga watan Yuni, 2020, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta ta Jihar Kogi zuwa Kaduna da Kano, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan AKK. Tsawonsa kilomita 614 ne, fāɗin bakinsa kuwa inci 40, watau ya ɗara yadi guda. An ƙiyasta zai ci dala biliyan 2.8. Hanyarsa ta bi ta Jihar Kogi, da Babban Birnin Tarayya, da jihohin Neja, Kaduna da Kano. A shekarar 2025 kamfanin NNPC ya ba da sanarwa cewa an ƙetarar da shi Kogin Kwara ta ƙarƙashin ruwa, wanda shi ne wuri mafi wuya a aikin duka.

Waɗannan alƙaluma kowa na iya samunsu a jarida. Amma ko wace kilomita daga cikin 614 ɗin nan ta bi ta gonar wani, ko fadamar wani, ko hanyar da shanun wani suke bi zuwa mashaya. Kuma babban bututu mafari ne kawai. Domin gas ya isa masana'antu da tashoshin lantarki, tilas a ja masa rassa zuwa garuruwa, ko wane reshe kuwa zai nemi ƙasar da zai bi. Ban da wannan, tun a 2009 Nijeriya da Nijar da Aljeriya suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar wani bututu da zai ratsa Sahara, mai tsawon sama da kilomita 4,000, aka kuma sabunta maganar a 2022. Saboda haka mutanen da wannan al'amari zai shafa nan gaba sun fi waɗanda ya riga ya shafa yawa. Domin su aka rubuta wannan ɗan littafi.

DALILIN KAWO GAS

Allah ya albarkaci Nijeriya da iskar gas fiye ma da yadda ya albarkace ta da man fetur. Abin da aka tabbatar yana ƙarƙashin ƙasa ya haura ƙafa tiriliyan 200 a ma'aunin iska, ba wata ƙasa a Afirka da ta kai haka. Amma tun da aka gano mai a Oloibiri cikin 1956, shekaru da yawa ƙone gas ɗin da ke fitowa tare da man ake yi a sararin Allah, dare da rana. An yi doka a 1979 wadda ta sa ranar 1 ga Janairu, 1984 ta zama ranar daina ƙonawa, amma ranar ta zo ta wuce wuta na ci. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ware shekaru goma, zuwa 2030, domin mai da hankali ga yin amfani da gas a cikin gida.

Duk wanda ya san Kakuri ta Kaduna a zamanin da masaƙu ke aiki, ko ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano lokacin da jiniya ke tashin ma'aikata, ya san abin da tsadar wuta da mai suka taimaka wajen kashewa. Gas na juya injin lantarki, ana yin takin zamani da shi, ana kuma zuba shi a mota. Ba mai hankalin da zai ƙi wannan alheri. Abin da doka ta nema shi ne kada alherin jama'a duka ya zama hasarar wasu 'yan tsiraru da ba a tambaye su ba.

ABIN DA YA FARU A KOKO

Kafin 1988 Nijeriya ba ta da wata hukuma ta tarayya mai kula da muhalli. A cikin shekarar ne aka gano cewa an shigo da dubban gangunan guba daga Italiya, nauyinsu ya haura tan 3,000, aka jibge su a wani fili cikin garin Koko, wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ruwa a tsohuwar Jihar Bendel, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Mutanen garin ba su san abin da ke cikin gangunan ba. Rana ta doke su, wasu suka fara yoyo. Sai da Gwamnati ta tashi tsaye sa'an nan aka kwashe su aka mayar inda suka fito.

Kafin shekarar ta ƙare Gwamnatin Soja ta kafa doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, da doka mai lamba 58 wadda ta kafa Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya. Bayan shekara huɗu, a 1992, aka yi doka mai lamba 86, watau Dokar Binciken Tasirin Ayyuka ga Muhalli. A 1999 aka kafa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ta gāji aikin waccan hukuma, ita ce kuma ke riƙe da wannan doka. A takardun Turanci da jaridu za ka ga ana rubuta sunan binciken da haruffa uku, EIA. Ka riƙe haruffan nan, gama su za ka gani a kan sanarwa.

Ginshiƙin dokar yana sashe na 2. Ma'anarsa ita ce, ba a yarda a soma wani babban aiki ba sai an duba, tun da wuri, abin da zai jawo wa muhalli. Wannan ya hau kan ɗan kasuwa, ya kuma hau kan Gwamnati da kamfanoninta. Muhalli a nan kuwa bai tsaya ga itatuwa da namun daji ba. Ya haɗa da ƙasa da ruwa da iska, da lafiyar mutane, da hanyar cin abincinsu, da wuraren da suke girmamawa.

YADDA AKE BINCIKEN

Mai aiki shi ke fara kai takardar bayanin aikinsa Ma'aikatar Muhalli. Ma'aikata su je su ga wurin da idonsu, sa'an nan a sa aikin cikin ɗaya daga aji uku: wanda ke bukatar cikakken bincike, wanda ke bukatar taƙaitaccen bincike, da wanda ba ya bukata. Doguwar hanyar bututu mai ratsa koguna da garuruwa aji na farko take shiga.

Daga nan sai a tsara tambayoyin da binciken zai amsa. Wannan mataki mutane ba su cika saninsa ba, alhali kuwa yana da muhimmanci ƙwarai, domin abin da ba a sa cikin tambayoyi ba da wuya ya fito cikin amsa. A nan ne ake fara kiran taron masu ruwa da tsaki. In ka ji an ce ana kiran dagatai da masu unguwanni sakatariyar ƙaramar hukuma kan maganar bututu, to, lokacin magana ya yi.

Sa'an nan ƙwararru su shiga daji. Su ɗebi ƙasa da ruwan rijiya da na rafi su kai ɗakin gwaji, su auna ƙura da ƙara, su rubuta irin tsirrai da dabbobin wurin, su ƙidaya gidaje da sana'o'i. Bisa ƙa'ida ana yin wannan sau biyu, da damina da kuma da rani, saboda wurin da ka taka a ƙafa cikin watan Maris yana iya shanye mutum cikin Agusta. Abin da suka tattara shi ke zama shaidar yadda ƙasar take kafin a taɓa ta. Gobe in rijiyar gari ta gurɓace, da wannan awo za a gwada.

Akwai abu guda da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Mai aikin shi ke ɗaukar ƙwararrun nan, shi ke kuma biyansu. Haka tsarin yake a ƙasashe da yawa, ba Nijeriya kaɗai ba. Yawancinsu masu riƙon amana ne, amma wanda aka biya ya rubuta rahoto yana bukatar wani ya duba bayansa. Shi ya sa doka ba ta bar rahoton tsakanin kamfani da Ma'aikata ba, ta ce a fito da shi fili.

KWANA 21

Sashe na 7 na dokar ya wajabta wa hukuma, kafin ta yanke shawara, ta ba jama'a da ƙwararru da ƙungiyoyi da sauran hukumomi damar faɗin ra'ayinsu. Yadda ake yi shi ne, a buga sanarwa a jarida, a yi shela a rediyo, a ajiye rahoton a wuraren da aka ambata: ofisoshin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da sakatariyar ko wace ƙaramar hukuma da aikin ya taɓa. Zai zauna nan kwana 21 na aiki, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, watau wajen wata guda ke nan. Kowa na da ikon zuwa ya karanta. Ba a biyan kuɗi, ba a kuma tambayar mutum ko shi wane ne.

Gaskiya ne rahoton littafi ne mai kauri, da Turanci mai wuya, cike da taswira da jadawali. Kada wannan ya kore ku. A gabansa akwai taƙaitaccen bayani na 'yan shafuna. Ku sami malamin makaranta, ko malamin gona, ko wani ɗanku da ya yi karatu, ya zauna ya karanta ya fassara wa jama'a a ƙofar gidan dagaci. Wurare uku za ku fi nema: taswirar da ta nuna inda bututun zai bi, da babin da ya lissafa garuruwan da abin ya shafa, da babin da mai aiki ya yi alkawarin abin da zai yi domin rage ɓarna. In ba ku ga sunan ƙauyenku ba alhali kuwa safiyo ya kafa turaku a gonakinku, wannan kaɗai ya isa dalilin rubuta takarda.

Takardar ana aika ta ga Ministan Muhalli kafin wa'adin ya cika. Ba sai lauya ya rubuta ba. A sa kwanan wata, da sunan gari da gunduma da ƙaramar hukuma, a faɗi abin da ake tsoro da inda yake, a kuma faɗi abin da ake so a yi. Takardar da ta ce "ba mu yarda ba" kurum, ba ta ba mai dubawa abin kamawa. Wadda ta ce bututun zai bi tsakanin gari da rijiyar da ba ta ƙafewa da rani, ana roƙo a matsar da shi gabas da dutse, wannan injiniya na iya ɗaukar taswira ya duba. Ku yi kwafi biyu, ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan naku, ku adana.

Bayan wa'adi, a manyan ayyuka, Ma'aikata takan naɗa kwamitin ƙwararru waɗanda ba na mai aikin ba. Su ziyarci wurin, sa'an nan su zauna a bainar jama'a. Mai aiki ya yi bayani, kwamiti ya yi masa tambayoyi, wakilan garuruwa su tashi su yi magana. Kwamiti na iya cewa a gyara rahoton, ko a koma daji a sake awo, ko a sauya hanya. Sai an cika wannan ne Minista ke ba da takardar amincewa, tare da sharuɗɗa. Sashe na 9 ya ce a rubuta shawarar da dalilanta, a kuma ba duk mai sha'awa damar gani. In an hana ku, Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011 ta ba ko wane ɗan ƙasa ikon neman takardar hukuma a rubuce, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa.

ABIN DA BAƘO BA ZAI GANI BA

Wani zai ce, me manomi zai koya wa mai digiri? To, ga shi. Ƙwararre yakan zo ƙauye ya yi kwana biyu ko uku. Injiniya kuwa a ofis yake ja layi bisa hoton da aka ɗauka daga sama. Akwai abubuwa da yawa da hoto ba ya nunawa.

Hoto ba ya nuna burtali da rani, lokacin da shanu suka yi kudu. In aka haƙa rami mai tsawon kilomita da yawa aka bar shi buɗe daidai lokacin da garke ke dawowa, shanun ba za su yi fiffike ba, cikin gonaki za su ratse, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Maganinsa mai sauƙi ne: a bar mashigai a wuraren da aka saba ƙetarewa. Amma sai an tambayi Ardo kafin a san wuraren. Makiyayi ba shi da gona a kan layin, saboda haka sunansa ba zai shiga takardar diyya ba, kuma sau da yawa ba a tuna a kira shi taro. Wajibi ne dagaci ya aika masa.

Hoto ba ya nuna tsohuwar maƙabarta wadda ciyawa ta rufe, ko kufai inda kakanni suka zauna, ko wurin da wasu jama'a ke yin al'adarsu. Ba ya nuna inda ruwa ke bi in an yi mamako, har sai an datse hanyarsa ya koma cikin gari. Ba ya kuma nuna cewa ɗorawar nan da ke tsakiyar gona ba ta mai gonar ba ce, ta wata tsohuwa ce da ta gāda, da kalwarta take yin daddawa tana ci da kanta. A wurare da yawa na ƙasar nan mallakar itace dabam take da mallakar ƙasa. Mata su suka fi sanin kaɗanya da kuka da tsamiya, su suka san nisan rijiya da inda ake samun itacen girki. Taron da maza kaɗai suka halarta ya ji rabin labari ne. Ku nemi a yi wa mata nasu zaman, da mace mai tambaya in hali ya yi.

Akwai kuma tambayoyin da ya kamata ku yi game da aikin kansa. Sa'ad da katafila ta share hanya, ƙasar sama mai taki ita ke fara tashi. Aikin kirki shi ne a tara ta gefe guda, a tara jar ƙasar rami wani gefe, in an binne bututu a mayar da ko wace inda take. In aka cakuɗa su, shekaru za a yi ana ganin layin a cikin gona, dawa na tsayawa iya gwiwa. Ku tambaya an rubuta wannan cikin alkawari? A kan gangare, wane tanadi aka yi domin kada ruwan farko ya mai da ramin kwazazzabo? Bayan an gama walda akan cika bututu da ruwa mai yawa a matsa shi domin a gwada ko yana yoyo. Daga wane rafi za a ɗebi ruwan, a wane wata, kuma ina za a zubar da shi bayan ya kwashi tsatsa da magani? A manyan koguna ana huda hanya ta ƙarƙashin ruwa ba tare da an taɓa shi ba, kamar yadda aka yi a Kwara, amma ƙananan rafuka yawanci datse su ake yi a haƙa. Masunta da masu noman rani na ƙasa da wurin su sani tun da wuri. Haka nan maganar sansanin ma'aikata: ina za a kafa shi, ina sharar sa za ta, tireloli ta wace hanya za su bi, ta gaban makarantar firamare ko ta bayan gari?

DARASIN BADAGRY

Kada a ɗauka takardar talaka ba ta zuwa ko'ina. Akwai bututun gas na Afirka ta Yamma, mai tsawon kilomita 678, wanda ya tashi daga Nijeriya ya bi ta teku zuwa Benin da Togo da Ghana. Kafin ya shiga teku ya ratsa ƙauyuka a jihohin Ogun da Legas har zuwa gaɓar Badagry. An yi binciken muhalli, an biya diyya, a takarda komai ya cika. Amma a 2006 mutanen wasu ƙauyukan wurin suka haɗa kai suka rubuta ƙara zuwa ga kwamitin bincike na Bankin Duniya, wanda ke cikin masu tsaya wa aikin. Suka ce kuɗin da aka ba su bai kai darajar abin da suka rasa ba, kuma ba a yi musu bayani yadda za su fahimta ba.

Kwamitin ya zo ya duba, ya ba da rahoto a 2008. Ya gano kuskure babba a lissafin kuɗin ƙasa, wanda ya sa abin da aka biya ya zama kashi ɗaya cikin goma na abin da tsarin aikin ya tanada. Ya kuma gano cewa ba a lura da yadda dangi ke mallakar ƙasa tare ba, aka ƙidaya mutane kaɗan a inda masu ci daga ƙasar suke da yawa. Daga baya aka biya ƙarin diyya.  Sun dai kai magana inda za a ji.

MAGANAR DIYYA

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar ko wace jiha a hannun Gwamna bisa amana, ta kuma ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, har da shimfiɗa bututu. Amma sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce ba a karɓe dukiyar mutum sai da biyan diyya ba tare da jinkiri ba, kuma yana da ikon zuwa kotu kan adadin.

Ranar ƙidaya ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci ga mai gona. Ka tsaya a gonarka da kanka. Ka bi mai ƙidaya itace bayan itace, ka tabbata ya rubuta irinsa da girmansa, gama kuɗin mangwaro mai 'ya'ya ba ɗaya yake da na dashe ba. Rijiya, rumbu, shinge, duk a rubuta. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a cika ba, kada kuma ka bari a tafi ba a ba ka kwafi ko lambar shaida ba. In gonar aro ce, ko haya, ko jingina, a rubuta sunan mai ƙasa dabam da na mai shuka. In gādo ce da ba a raba ba, magada su zauna su daidaita tun kafin kuɗi ya fito, domin gidaje da yawa sun watse a kan kuɗin da bai kai darajar zumuncin ba.

Kana da ikon ɗaukar naka ma'aikacin ƙiyasi mai rajista ya tsaya maka, shi kuwa zai ɗauki wani kaso daga abin da aka biya. Ka san kason tun farko, a rubuce. Akwai 'yan damfara da ke yawo ƙauyuka da takardar wakilci suna tara sa hannu. Akwai kuma masu kafa bukkoki da dashen dare a kan layi da zarar sun ga turakun safiyo. Wannan zamba ce, kuma ita ke sa a riƙa zargin mai gaskiya.

ZAMA DA BUTUTU

Takardar amincewa ba ta rufe magana. Ma'aikatan muhalli na tarayya da na jiha suna da aikin zagayawa su ga ko ana cika sharuɗɗa, kuma tun daga Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 akwai hukuma ta musamman, NMDPRA, mai ba da lasisin bututun gas da sa ido a kansa. Dokar 1992 ta tanadi tarar da ba ta wuce Naira miliyan 1 ba ga kamfanin da ya saɓa. A lokacin kuɗi ne mai yawa, yau kuwa bai kai kuɗin tayoyin tirela guda ba. Abin da kamfani ya fi tsoro shi ne a tsayar masa da aiki, ko masu ba shi rance su ji labari. Ma'aikaci kuwa ba zai kwana a garinku ba. In an bar rami buɗe, ko an zubar da baƙin mai a rafi, ku ne za ku fara gani. Ku rubuta ranar, ku ɗauki hoto da waya, ku kai wa jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin da ma'aikatar muhalli ta jiha.

Ku ma akwai naku nauyin. Filin da bututu ya bi ana kafa masa alamu, fāɗinsa kuma yana rubuce cikin rahoto. Ba a gini a kansa, ba a haƙa rijiya ko ramin ƙasar bulo, ba a dasa itace mai dogon saiwa, ba a ƙona gawayi. Ko za a bar ku ku shuka gyaɗa ko wake a kai, wannan ku tambaya a wurin taro, a ba ku amsa a rubuce. Gari yana girma, kuma filin da yake daji yau unguwa ne bayan shekara 20. Mai unguwar da ya yanka wa mutum fuloti a kan layi ya sayar masa da hatsari.

A cikin Oktoba, 1998, a Jesse ta Jihar Delta, wuta ta tashi a wurin da jama'a suka taru suna ɗibar fetur daga fasasshen bututu, mutane sama da 1,000 suka hallaka. Wancan fetur ne. Bututun gas ba shi da abin da za a tara a jarka. Iska ce a matse da ƙarfin gaske, wanda ya huda shi ba zai tsira da ransa ba balle ya sami abin sayarwa. Kuma ba irin gas ɗin tukunyar girki ba ne. Na tukunya ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, an kuma zuba masa wari da gangan domin a gane in yana fita. Na babban bututu sama yake tashi, kuma sau da yawa ba shi da wari ko kaɗan. Saboda haka kada ku dogara da hanci. Alamun yoyo su ne ƙara kamar huci ko rugugi daga ƙasa, ƙura na tashi wuri guda ba iska, ruwa na tafasa a kududdufi, ko ciyawa ta bushe a da'ira alhali ta kewaye kore ce shar.

Wanda ya ga haka kada ya matsa ya duba. Kada a ƙyasta ashana, kada a tayar da babur ko injin ban ruwa a kusa. A janye mutane da dabbobi da ƙafa, a nufi wajen da iska ke fitowa, sai an yi nisa sa'an nan a buga waya. Lambar da za a kira tana rubuce a jikin allunan da aka kafa bisa layin. Ya kamata dagaci da limami da shugaban makaranta ko wannensu ya kwafe ta ya ajiye tun yau, domin rana da ruwan sama suna goge fenti.